Yaro ɗaya, takardar shaida uku: me ya hana a haɗe shirye-shiryen koyon sana'a?

TAMBAYA: Ni mai walda ne a Funtuwa, na fi shekara ashirin a wannan aiki, kuma na yaye yara da dama. A bara kaɗai sau uku ana kawo mini matasa da sunan shirin gwamnati na koyon sana'a. Na farko jami'an wata hukumar tarayya ne suka kawo su, na biyu daga jiha, na uku daga ofishin wani ɗan majalisa. Kowa da fom ɗinsa, kowa da lokacin da ya ɗiba: wani wata shida, wani wata uku, wani mako biyu kacal. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne akwai yaro guda da na gani a jeri biyu, har ya nuna mini takardar shaida ta uku da ya samu a ɗinki. Ga kuma yaran unguwarmu masu son aikin da gaske, ba su taɓa shiga ko ɗaya ba. Shin gwamnati ba ta san tana maimaita aiki ba ne? Me ya hana ta haɗe waɗannan hukumomi su zama ɗaya kowa ya huta?

Daga wani mai walda, Funtuwa, Jihar Katsina.

AMSA: Malam, Allah ya sa albarka a sana'a, ya saka maka da alheri kan yaran da ka yaye. Tambayarka biyu ce a haɗe, kuma ta farkon ta fi sauƙin amsawa: gwamnati ta sani sarai. Tun 2012 aka rubuta mata wannan magana a rahoto, za mu zo kansa. Ta biyun, wato batun haɗe hukumomi, ita ce ke son a zauna, domin a ganina ba a nan gizo ke saƙa ba. Ka yi mini haƙuri mu fara da yadda aka yi hukumomin suka yi yawa haka.

Babu wanda ya zauna rana guda ya zana su. Kowace da lalurar da ta haife ta. A 1971, ƙasa ta fito daga yaƙin basasa, ana shirin miƙa ragamar kamfanoni ga 'yan ƙasa, sai aka ga ƙwararru ba su wadata ba. Aka kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wanda aka fi sani da ITF, mai hedikwata a Jos. Kuɗinsa daga kamfanoni yake fitowa, domin doka ta ɗora wa waɗanda suka kai wani girma biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a shekara. Shi ne ya ƙirƙiro shirin SIWES da ke tura ɗaliban manyan makarantu koyon aiki a masana'antu. A 1977 aka kafa NBTE a Kaduna domin ta sa ido kan kwalejojin fasaha da abin da suke koyarwa. A 1986, lokacin da tsuke bakin aljihun gwamnatin Janar Babangida ya fara jefa mutane cikin zaman kashe wando, aka kafa NDE, hukumar samar da aikin yi. Ita ce ta shahara da tsarin da ka sani, na kai matashi wurin mai sana'a a shagonsa, a riƙa ba yaron ɗan alawus, a ba ubangidansa ladan koyarwa. A 1992 aka kafa NABTEB a birnin Benin domin shirya jarrabawar makarantun sana'a, alhali Ma'aikatar Ƙwadago tana da tata jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku tun da daɗewa.

Da aka dawo mulkin farar hula sai abin ya ƙara gudu. Hukumar yaƙi da talauci ta NAPEP ta zo a 2001, ta shuɗe, ta bar sunanta a jikin a-daidaita-sahu. SMEDAN ta zo a 2003 domin ƙananan masana'antu. A 2012 gwamnatin Jonathan ta fito da shirin tallafi na SURE-P, a shekarar kuma hukumar 'yan hidimar ƙasa ta buɗe nata sashen koyar da sana'a. A 2016 gwamnatin Buhari ta kawo N-Power, inda aka riƙa biyan masu digiri Naira 30,000 a wata, da wani reshe na koyon sana'o'in gini da makamantansu ga waɗanda ba su da digiri. A 2023 aka ƙaddamar da 3MTT domin koya wa mutum miliyan uku aikin kwamfuta.

Yanzu ka dubi ɗakin da kowace ta fito. ITF da SMEDAN suna ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki. NBTE da NABTEB na Ma'aikatar Ilimi ne. NDE ta Ƙwadago ce, hidimar ƙasa ta Matasa, 3MTT ta Sadarwa. N-Power kuwa a ofishin Mataimakin Shugaban Ƙasa aka haife ta, a 2019 aka mayar da ita Ma'aikatar Jin-ƙai. 'Yan uba ke nan, gida ɗaya, amma kowace uwa tukunyarta take hura wa wuta. Minista ba ya ba ɗan'uwansa minista umarni, kuma kowannensu shi zai je gaban majalisa ya kare kasafin kuɗin ma'aikatarsa shi kaɗai. Wanda ya ce "wannan aikin ba namu ba ne, ku ba maƙwabta", ya rage wa kansa kuɗi ke nan da hannunsa.

Duk wannan a tarayya ne kawai. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke tarayya a kansu, ya kuma ambaci ilimin firamare da yaƙi da jahilci da koyon sana'a cikin ayyukan da ƙananan hukumomi ke sa hannu. Ke nan gwamnan jiharku bai karya doka ba in ya buɗe tasa cibiyar, haka shugaban ƙaramar hukuma. Sai ƙofa ta huɗu, wadda ta kawo maka 'yan mako biyu: ayyukan mazaɓu. Ɗan majalisa ba ya riƙe kuɗin aikin mazaɓa a hannunsa bisa ƙa'ida, ana sa shi ne cikin kasafin wata hukuma ita ta aiwatar. Shi ya sa za ka ga hukumar da aka kafa domin binciken noma ko kula da madatsun ruwa tana rabon keken ɗinki da injin markaɗe. Tun 2019 hukumar ICPC ke bin sawun irin waɗannan ayyuka, kuma ɓangaren da ake kira tallafi ko horarwa ya fi wuyar bibiya, domin rijiya in an haƙa ana ganinta, taron bita kuwa da an watse shi ke nan.

Mu dawo kan yaron nan naka mai takarda uku. Ni ba zan yi saurin ɗora masa laifi ba. Ya ga ƙofa uku a buɗe, kowace da alawus ko kayan sallama a ƙarshe, babu mai tambayarsa ko ya taɓa shiga wata, sai ya shiga duka. Jami'in da ya rubuta sunansa shi ma bai yi ƙarya ba, don ba shi da hanyar ganin jerin sunayen wata hukuma. Abin da ake tambayarsa a ofis a ƙarshen shekara shi ne mutum nawa ya horar. Ba a tambayarsa mutum nawa ne ke cin abinci da sana'ar bayan shekara guda. In haka ne ma'auninka, yaron da ya saba cika fom, mai waya a hannu, mai ɗan'uwa a jam'iyya, ya fi maka sauƙin samu a kan wanda ke can bayan gari bai ma ji sanarwar ba. Yaron ya shiga lissafi sau uku, gwamnati ta rubuta cewa ta horar da mutum uku, yaran unguwarku biyu kuma sun rasa gurbi.

Hasarar ba ta tsaya a kuɗi ba. Tunda kowa yawan kai yake nema da kuɗi kaɗan, sai kowa ya ruga sana'o'in da ake iya koyarwa a ɗakin taro cikin kwanaki: haɗa sabulu, man shafawa, turaren tsuguno, ɗan abin da ya sawwaƙa na ɗinki. Ba raina waɗannan sana'o'i nake yi ba, mata da yawa suna rufa wa kansu asiri da su. Amma in hukuma biyar suka yaye masu sabulu a unguwa ɗaya, wa zai saya wurin wa? In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A can gefe kuma sana'o'in da ke buƙatar injin mai tsada da wuta da shekaru, irin taka, da aikin famfo da shimfiɗa tayil da gyaran injinan sanyi, sun zama marayu. Shiga wuraren gine-gine a Abuja ko Legas ka tambayi masu tayil da masu adon silin daga ina suka zo, za ka sha jin Togo da Kwatano.

Hasara ta uku ita ce ta fi ci mini rai, wato mutuwar darajar takarda. Ka ɗauka kai ne mai kamfani, mutum huɗu suka zo neman aikin walda. Ɗaya da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ɗaya da ta NABTEB, ɗaya da takardar halartar horo na wata uku, na huɗu da takarda mai hoton ɗan majalisa. Wace ta fi wace? Ba ka sani ba, don haka sai ka ture su duka gefe ka miƙa wa kowa sandar walda ka ce ya haɗa maka ƙarfe biyu. Wanda ya yi shekara uku yana koyo da wanda ya yi mako biyu sun zama ɗaya a bakin ƙofa.

Kada ka ɗauka a koyon sana'a kaɗai ake wannan. Ɗauki yaron da ba ya zuwa makaranta. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC, wadda dokarta ta 2004 ta ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, tana da hakki a kansa. In ɗan makiyaya ne, akwai hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989. In ya girma bai yi karatu ba, akwai hukumar yaƙi da jahilci ta 1990. A 2023 kuma aka kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa makaranta. Makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Jonathan ta gina, waɗanda aka fara buɗewa da ta Gagi a Sakkwato a 2012, tarayya ce ta gina ta miƙa wa jihohi, kuma da yawansu sun lalace a tsakanin "ku ne za ku ciyar" da "ai ku kuka gina". Tun kafin nan ma, da aka fara tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an shigo da injinan koyon sana'a domin ƙananan sakandare, wasu suka tsufa cikin akwatunansu saboda babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malamin da ya san kansu. Wanda ya sayo kaya daban, mai gina ɗaki daban, mai horar da malamai daban, kuma ba su zauna tare ba.

To, sai maganarka ta haɗe su. An gwada tunanin. Gwamnatin Jonathan ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Stephen Oronsaye, tsohon shugaban ma'aikatan tarayya, ya miƙa rahotonsa a watan Afrilun 2012. Ya ƙirga hukumomi da cibiyoyin tarayya 541. Ya ba da shawarar a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161, a soke 38, a haɗe 52, a mayar da 14 sassa a cikin ma'aikatu. Cikin shawarwarinsa akwai haɗe NDE da SMEDAN, da kuma haɗe hukumomin da ke kula da jami'o'i da kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi. Takardar matsayar gwamnati ta fito a 2014 ta ƙi amincewa da yawancin shawarwarin. A watan Fabrairun 2024 gwamnatin Tinubu ta sake sanar da cewa za ta aiwatar da rahoton. Tsakanin 2012 da wannan sanarwa kuwa sababbin hukumomi aka yi ta haifa.

Dalilin nauyin ƙafar ba ɓoyayye ba ne. Kowace hukuma doka ce ta kafa ta, sai majalisa ta warware dokar, kuma a majalisar akwai kwamitin da ke sa ido a kan hukumar, wanda shi ma ba ya son rasa abin da yake kula da shi. Akwai shugaba da 'yan hukumar gudanarwa da daraktoci, akwai ƙungiyar ma'aikata. Amma ka bar wannan duka. Ka ɗauka gobe an wayi gari an haɗe su. Me zai canja a shagonka? Gwamnan jiha yana nan da shirinsa, domin Abuja ba ta da ikon rufe masa cibiya. Ɗan majalisa yana nan. Ƙungiyoyin agaji na waje suna nan. A cikin sabuwar babbar hukumar ma, tsofaffin hukumomin za su koma sassa, kowane darakta da jerinsa a cikin durowa. In ba a canja abin da ake ƙirgawa ba, an canja allon bakin ƙofa ne kawai. Akwai ma haɗari: hukumar da ita ce mai koyarwa, ita ce mai jarrabawa, ita ce mai biyan kuɗi, ita ce kuma mai ba da rahoton nasara, wa zai kama ta in ta yi ha'inci?

Wannan ciwo, in za ka ji sanyi, ba namu ba ne mu kaɗai. A 2011 ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya ƙirga shirye-shiryen horarwa da samar da aiki guda 47 a ƙarƙashin hukumomi 9, masu cin kimanin Dala biliyan 18 a shekara, ya ce 44 daga ciki suna maimaita aikin aƙalla wani guda. Ƙasar da ke da kwamfuta a kowane ofis ke nan.

Abin da nake gani shi ne mafita, kai ka fi ni saninsa, domin kana ganinsa a kasuwar hatsi kowace ranar kasuwa. Masu sayar da masara ɗari ne, babu wanda ya taɓa cewa a haɗe su su zama mutum ɗaya. Yawansu ma alheri ne ga mai saye. Abin da kasuwa ba ta yarda da shi ba shi ne kowa ya zo da tasa tiyar. In tiya ɗaya ce, kuma akwai shugabannin kasuwa da ke duba wanda ya bubbuge gindin tasa, ciniki ya yi daidai ko masu awo dubu ne. Masu koyar da sana'a su yi yawa, babu laifi: kwalejin fasaha, cibiyar jiha, shagonka, kamfani. Ma'auni ne bai kamata ya wuce ɗaya ba.

Jamus ta fi kowa suna a wannan fanni, kuma ita ma tarayya ce mai jihohi 16. Dokarsu ta koyon sana'a ta 1969 ta raba aikin ne a fili. Gwamnatin tarayya, tare da ƙungiyoyin masu kamfanoni da na ma'aikata, ita ke rubuta abin da ya wajaba mai koyon kowace sana'a ya iya, kuma sana'o'in da aka amince da su sun haura 300. Yaro yana yin kwana uku ko huɗu a mako a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu a makarantar sana'a da jiha ke gudanarwa, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi. Kamfanin ne ke biyansa. Jarrabawa kuwa majalisun 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu ne ke shirya ta. Hannu huɗu ne a cikin aikin, amma babu mai taka ƙafar wani, kuma takardar da aka ba mai walda a Hambug ita ce ake ba na Munik. Ba na cewa mu kwafo su, don ba mu da yawan masana'antunsu. Rabon aikin ne abin dubawa.

Kusa da mu, Gana ta sha irin wahalarmu, makarantun sana'arta a warwatse ƙarƙashin ma'aikatu barkatai. A 2020 ta yi dokoki biyu: ɗaya ta kafa hukumar da ke tsara ma'auni da ba da izini, ɗaya ta kafa wata dabam da ke gudanar da makarantun gwamnati, aka tattaro su ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi. Ka lura, ko da suka tattara, ba su bar mai awo ya zama shi ne mai duba tiya ba. Sai dai Gana ba tarayya ba ce, babu gwamnoni 36 da za a lallaba.

Mu ma muna da tiyar, abin da mutane da yawa ba su sani ba ke nan. A 2013 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da tsarin matakan ƙwarewa na ƙasa, wanda yanzu ake kira NSQF, kuma NBTE ce ke riƙe da shi. An tsara shi da matakai shida, daga mai taimaka wa gwani har zuwa ƙwararren da ke gogayya da masu manyan takardu. Ba a tambayar a ina ka koya ko wata nawa ka yi. Mai tantancewa yana zuwa ya tsaya a kanka kana aiki, ya ga abin da hannunka ya iya, a ba ka matakin da ka cancanta. A cikinsa akwai ƙofar da aka buɗe musamman domin irinku, waɗanda suka ƙware a shago ba tare da takarda ba. Masu sana'ar kasuwar Panteka a Kaduna suna cikin waɗanda aka fara jawowa, kuma Farfesa Idris Bugaje ya yi ta wannan fafutuka tun yana shugaban kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna kafin ya koma NBTE a 2021. A 2020 kuma aka ƙaddamar da majalisar ƙoli kan ƙwarewa ƙarƙashin jagorancin Mataimakin Shugaban Ƙasa, wato an ɗora ta sama da ministoci da gangan, domin a samu wanda zai iya kiran 'yan uba zaure ɗaya.

To me ya rage? Tilas. Tiya tana rataye, amma babu wanda aka hana awo da kwanon gidansa. A ra'ayina, majalisar da ke taro ta watse ba za ta iya komai ba muddin ba ta da hannu a kan bakin jaka. Ranar da ofishin kasafin kuɗi ya ce ba za a saki ko kwabo da sunan horarwa ba sai shirin ya nuna matakin NSQF da zai kai yaro da kuma wanda zai jarraba shi daga waje, ranar ce horon mako biyu zai mutu da kansa, ba tare da an soke hukuma ko ɗaya ba. Jihohi kuwa ba a iya tilasta musu, amma ana iya jan su da irin dabarar UBEC: ka bi ƙa'ida, ka kawo naka kason, a ba ka na tarayya. Ita ma wannan dabara tana da rauninta, don akwai jihohin da ke barin kuɗinsu a Abuja shekara da shekaru saboda sun kasa kawo nasu, amma ta fi roƙo.

Sai rajista guda. Wannan yanzu ba abin wahala ba ne, tunda akwai lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. In kowane shiri, na tarayya ko na jiha ko na mazaɓa, zai shigar da lambar duk wanda ya ɗauka a rumbu ɗaya, da yaronka ya zo karo na biyu za a gan shi. Ba sai an kore shi ba. A ce masa: ka yi matakin farko a walda, in kana so ka hau na biyu, bismillah, amma komawa ɗinki daga farko da sabon alawus, a'a. Da wannan rumbu ne kuma za a gane cewa ƙaramar hukuma kaza ta ƙoshi da teloli, ba ta da mai gyaran famfon sola ko ɗaya. Kuma a riƙe wani kaso na kuɗin mai horarwa sai yaro ya ci jarrabawar waje. A nan sai an yi hattara, domin in aka ce sai wanda ya ci za a biya, masu horarwa za su riƙa zaɓen yaran da dama sun iya, su guji na ƙauye da mata da masu naƙasa. Maganinsa a sa wa waɗannan kuɗi mafi tsoka.

Kafin manya su gama shawara, Malam, akwai abin da ke hannunka. Duk wanda ya sake kawo maka yara, kafin ka sa hannu a fom, ka tambaye shi wata nawa za su yi, wa zai jarraba su, wace takarda za a ba su, kuma wa zai sayi sandar walda da man janareto. Wanda ya ce mako biyu, ka gaya masa gaskiya cewa a mako biyu yaro bai gama koyon kare idonsa daga hasken walda ba, kuma ba za ka sa sunanka a takardar da ke cewa ya iya ba. Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta sunan kowane yaro da shirin da ya kawo shi da ranar da ya zo da ranar da ya tafi. In ƙungiyarku ta masu walda ta sa kowane shago ya yi haka, kuna haɗa littattafan duk wata uku, to kun riga gwamnati yin rajistar Funtuwa, kuma da ita za ku iya zuwa wurin shugaban ƙaramar hukuma ku ce ga yaranmu da ke shago tun shekara biyu ba su taɓa samun gurbi ba, a fara da su. Kai kanka kuma, ka sa shugabannin ƙungiyar su nemi NBTE a Kaduna, ko kwalejin fasaha mafi kusa da ku, kan yadda za a zo a tantance ku a shagunanku, a kuma horar da wasunku su zama masu tantancewa. Daga Funtuwa zuwa Kaduna ba nisa ba ne, mota ɗaya ta ishe ku.